Yadda Ake Duba Kwalbar Bakyum a Makunnin Yanke Lodi, da Matsalolin da Suka Fi Yawa a Legas

Duk wurin da yake da taransifomar kansa a Legas, ko gidan sanyi ne a Ijora, ko masana'anta a Ikeja da Ilupeju, ko rukunin gidaje a Lekki, sau da yawa za ka tarar da akwatin ƙarfe tsakanin taransifomar da layin da ke kawo wutar kilobolt 11 ko 33. A ciki akwai makunnin yanke lodi, wanda masu aiki ke kira LBS. Aikinsa ya yanke wuta alhali ana cikin jan lodi, galibi har zuwa amfiya 630. Ba ya iya yanke wutar shot, wato babbar wutar da ke kwarara in layuka suka haɗu da juna ko da ƙasa. Wannan aikin fiyus ne ko bireka.

Wasu makunnan na kashe tartsatsi da iskar SF6, wasu da iska ta kawai, wasu kuma da kwalbar bakyum, wato kwalbar da aka zuƙe iskar cikinta. A kan na ƙarshen nake magana. 'Yan'uwanmu da ke aikin lantarki a Agege da Apapa da Mile 12 na yawan haɗuwa da su, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a buɗe fanel, a ga kwalba fara fes, a buga mega, wato na'urar gwada ko wuta na zurarewa ta jikin insuleta, a ce lafiya ƙalau. Ido da mega ba sa ganin ciwon kwalba.

Wannan aiki na wanda aka horar ne kuma aka ba shi izinin taɓa babbar wuta. In makunnin na kamfanin rarraba wuta ne, na Eko ko na Ikeja Electric, ma'aikatansu kaɗai ke da hurumin taɓa shi.

Abin da ke cikin kwalbar

Jikinta tangaran ne, an like bakunanta biyu da ƙarfe, an zuƙe iskar ciki har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na iskar da muke shaƙa ba. A ciki akwai kontak biyu, ɗaya a kafe, ɗaya mai motsi. Yawanci jan ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyom ko tangistin. Tazarar da suke buɗewa ƙarama ce ƙwarai, wajen milimita 10 ko ƙasa da haka a ta kilobolt 11. Sandar kontak mai motsi tana fitowa waje ta cikin wani siririn zugazugin ƙarfe mai ninki-ninki, shi ne ke barin ta ta yi gaba da baya ba tare da iska ta shiga ba. Akwai kuma garkuwar ƙarfe a kewaye da kontak ɗin da ke tare tururin ƙarfe kada ya manne a jikin tangaran.

In aka buɗe makunni, tartsatsi na tashi daga tururin ƙarfen kontak ɗin. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, wato tana ratsa sifiri sau 100. Da ta zo sifiri sai tartsatsin ya mutu, don babu iskar da za ta riƙe shi. Sirrin ke nan. In iska ta shiga, kwalbar ta zama kamar filas ɗin shayi da ya fashe ta ciki: a waje babu tabo ko ɗaya, amma aikin ya ƙare.

Ba a gyara kwalba. Ana gwada ta ne, in ta faɗi a canza.

Kafin ranar aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemo littafin kamfanin da ya ƙera makunnin, domin duk adadin da zan ambata nan jagora ne kawai, na littafin shi ne hukunci. Ka ɗauki hoton farantin bayanin da ke jikin fanel: ƙarfin wutar da aka ƙera shi don ta, shekarar ƙira, da ajinsa. A ƙa'idar IEC 62271-103, makunni mai alamar M1 an gwada shi ya buɗe ya rufe sau 1,000, mai M2 sau 5,000. Mai alamar E3 an gwada shi ya yanke cikakken lodinsa sau 100, ya kuma rufe a kan shot sau 5. Ka kwatanta wannan da na'urar ƙirge da ke jikin makunnin. A wuraren da ake kashe LBS duk lokacin da aka ɗauke wuta za a koma janareta, ƙirgen na tafiya da sauri fiye da yadda mai wurin ke zato.

Ka duba kuma ko kwalaben ana iya kai musu hannu. A wasu akwatunan RMU, wato waɗanda ke haɗa makunnai da yawa wuri ɗaya, an rufe su ruf cikin tankin gas ko an zuba musu roba mai tauri. Irin waɗannan ba a buɗe su a wurin aiki. Ta bakin kebul ake gwada su, sai kuma ka duba allurar gas tana kan kore.

Tun wuta na ciki, ka tsaya gaban fanel ɗin a rufe ka yi amfani da kunne da hanci. Ƙarar "tsss" mai ci gaba, ko wani wari mai kaifi kamar na bilic, alamar wuta ce ke lasar jikin insuleta. Mai na'urar sauraren wannan ƙara ko kyamarar zafi ya ɗauki awo yanzu, don in an kashe wuta shaidar ta tafi.

Mataki na farko: kashe wuta da tabbatar da ta mutu

A karɓi takardar izinin aiki, a rage lodi daga ɓangaren bolt 415, a buɗe makunni, a raba shi da duk inda wuta za ta iya zuwa masa, a sa kwaɗo, makulli a aljihun mai aikin. Sannan a gwada kowane fes, wato kowanne daga layukan wuta uku, da sandar gwaji, bayan an tabbatar ita kanta sandar tana aiki. Sai a rufe makunnin atin, wanda ke haɗa layin da ƙasa, a ƙara da wayoyin atin na hannu a gaba da bayan inda za a yi aiki.

Abu uku ke kashe mutane a nan. Na farko janareta. In canjin wuta bai raba tsakani da kyau ba, bolt 415 na janareta zai bi taransifoma ta baya ya fito kilobolt 11 a daidai inda hannunka yake. Inbata da sola ma haka. A Legas da kusan kowane gini ke da janareta, kada ka yarda da "mun kashe, oga". Ka je da ƙafarka ka gani, ka kulle. Na biyu, layin zobe, wanda ke zagayowa ya haɗe kamar zobe, yana samun wuta ta ɓangare biyu. Na uku, ita kanta kwalbar da ke buɗe ba a dogara da ita a matsayin rabuwa, tunda ba ka ganin tazarar, kuma ita ce ma kake tuhuma. Dogon kebul kuma yana riƙe caji bayan an kashe shi, atin ne ke sauke shi.

Mataki na biyu: dubawa da ido, da shara

A nan ne Legas ke nuna halinta. Ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu tana kwanciya a kan tangaran da insuletoci. Daga Afrilu damina ta kankama, laima ta jiƙa ƙurar, a Victoria Island da Ajah da Apapa kuma iskar teku ta ƙara mata gishiri. Wannan haɗin yana ɗaukar wuta. Sai ka ga kwalba lafiyayya a ciki, amma wuta na tsallakawa ta bayanta. Shi ya sa nake ganin Fabrairu zuwa farkon Maris ne lokacin da ya fi dacewa da babban duba: ƙura ta gama sauka, ruwa bai zo ba.

Ka haska tocila ka nemi: tsaga a tangaran, baƙin layi mai rassa a jikin insuleta, farin gari ko koren tsatsa a kan jan ƙarfe, ɗigon raɓa a rufin fanel, da launin da ya sauya a wurin ɗaurin noti, wanda ke nuna zafi. Ka fi mai da hankali ga wurin da tangaran ya haɗu da murfin ƙarfe, da kuma bakin zugazugin. Tsatsa a nan ita ce ƙofar da iska ke bi.

Leƙa ramin kebul. In ruwa ya kwanta, shi ne tushen raɓar da ke sama, kuma komai ka goge za ta dawo. A kwashe ruwan, a toshe ramukan da kebul ke shigowa. Ta nan ɓera da ƙadangare da tsaka ke hawowa, su ne ke haɗa fes biyu da jikinsu. Sannan ka taɓa hitar da ke cikin fanel. Ƙaramar aba ce, amma ita ke hana raɓa, kuma sau da yawa za ka tarar ta mutu tun tuni ko an haɗa ta da layin da ba ya samun wuta in an koma janareta.

A goge da tsumma mai tsabta marar zare da sifirit na goge kayan lantarki. Ban da fetur, ban da ruwan sabulu, ban da sanfefa a jikin tangaran. A bari ya bushe sarai kafin gwaji.

Mataki na uku: cinyewar kontak

Duk yanke lodi yana cin ɗan ƙarfe. Tunda ba a ganin ciki, kamfanoni na sa alama a kan sandar mai motsi, ko layi ko ɗigon fenti, wasu kuma suna ba da ma'aunin da ake zurawa. A rufe makunni, a duba alamar. In ta shige ko ta kai iyaka, kwalbar ta gama. Abin da ake yarda ya cinye kaɗan ne, milimita 2 zuwa 3 a yawancinsu.

Akwai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai matsewa da sakewa, da ke danne kontak bayan sun haɗu. Yayin da kontak ke cinyewa, dannawar tana raguwa, wurin ya fara zafi, in kuma aka rufe a kan shot sai su narke su manne. Ka auna matsewar sifirin ɗin a fes uku ka rubuta. Hannunka ya yi nesa da inji muddin babban sifirin yana ɗane. A sauke shi tukuna.

Mataki na huɗu: awon juriyar kontak

Mitar hannu ba ta wannan aiki. Ana bukatar na'urar dokta, mai tura amfiya 100 na wutar DC ta karanta a maikro-om. Makunni a rufe, manyan wayoyi biyu a waje, ƙananan biyu a ciki kusa da kwalba. Lafiyayyen fes yakan ba da 'yan gomomin maikro-om. Abin lura shi ne bambanci: tsakanin fes uku, da tsakanin na yau da na bara. In ɗaya ya zarce 'yan'uwansa da rabi, akwai magana.

Ga dalilin damuwa. A amfiya 630, juriyar maikro-om 50 tana haifar da zafin wat 20. In ta hau 500, zafin ya kusa wat 200, a dunƙule a wuri ɗaya cikin rufaffen akwati. Amma kada ka yi saurin ɗora wa kwalba laifi. Ka matsar da ƙananan wayoyin gaɓa-gaɓa. Sau da yawa noti ne ya saki, ko lallausar wayar da ke haɗa sandar mai motsi ta yi tsatsa.

Mataki na biyar: mega, sannan gwajin bakyum

A buga mega ta kilobolt 5 na minti ɗaya: kowane fes zuwa ƙasa, fes zuwa fes, sannan tsakanin baki biyu na kwalba a buɗe. Wannan yana gaya maka ko akwai datti ko laima. Ba ya gaya maka komai game da bakyum, domin tazarar milimita 10 cike da iska ma tana iya riƙe kilobolt 5.

Ainihin gwajin shi ne a ɗora babbar wuta a kan kontak a buɗe. Kayan kilobolt 11 ana ƙera su a ajin kilobolt 12, a masana'anta ana gwada su da kilobolt 28 na minti ɗaya. Kayan 33 suna ajin 36, gwajinsu 70. A wurin aiki akan tsaya a kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na wannan, wato wajen 22 da wajen 56, sai in littafin ya faɗi wani adadi.

Ga tsarin. A cire kebul, taransifoma, taransifomar awo da masu tare tsawa, wato na'urorin da ke sauke tsallen ƙarfin wuta zuwa ƙasa, daga da'irar. A buɗe makunni har ƙarshe, kada a gwada shi da rabin buɗewa. Wayar gwaji a baki ɗaya, ɗaya bakin da sauran fes biyu da jikin fanel duk a atin. A killace wurin, kowa ya ja baya. Kwalbar bakyum tana iya fitar da hasken eksire in an ɗora mata babbar wuta a buɗe, don haka a bar murfin ƙarfe tsakani, a ba da tazarar da kamfani ya faɗa, kada kuma a wuce adadin gwaji don neman "ƙarin tabbaci". A hau da wutar sannu a hankali, a riƙe minti ɗaya, a sauko. Bayan nan a taɓa baki biyun da zoben tsakiyar kwalbar da sandar atin, don garkuwar ciki tana riƙe caji.

In ta riƙe, ta ci. In na'urar ta faɗi, kada ka yanke hukunci nan take. Sake gogewa, busar da ita, tabbatar wayar gwaji ba ta kusa da ƙarfe, ka maimaita. In ta sake faɗuwa, a cire ta. Na'urar AC ta fi. Akwai ƙananan na'urorin DC da aka yi musamman don kwalba, suna da kyau, amma tsofaffin masu tace rabin igiyar wuta suna harba ƙarfin da ya wuce abin da allura ke nunawa, su kayar da kwalba mai lafiya.

Wannan gwaji "e" ko "a'a" kawai yake cewa, game da yau. Kwalbar da ke yoyo a hankali tana iya cin sa. Kuma matakin tsakiya ya fi haɗari: akwai lokacin da iskar da ta shiga kaɗan ce, amma a daidai nan ne wutar da ba ta kai bolt 1,000 ba ke iya tsallake tazarar, abin da ko kwalba cike da iska ba za ta bari ba. Akwai na'urar da ke naɗe kwalba da maganaɗisu ta auna ainihin yawan iskar ciki. Tana da tsada, amma asibiti ko gidan sanyi da kayansa suka haura shekara 15 ya cancanci a kira masu ita. Kamfanoni kan yi wa kwalba lissafin shekara 20 ko fiye.

In kwalbar tana hannunka a cire, akwai gwajin gaggawa. Ja sandar a miƙe, a hankali. Lafiyayya tana turjewa, in ka saki ta koma da kanta da ɗan ƙara, saboda iskar waje ce ke tura ta. Wadda ta sha iska sakwaf za ka ji ta. Ja kawai, kada ka murɗa.

Mataki na shida: injin da ke motsa ta

A ganina laifin da ake ɗora wa kwalba, mafi yawansa na inji ne. Makunnin da ya shekara ba a taɓa shi ba, girisinsa ya bushe ya haɗu da ƙura, sai ya riƙa buɗewa da nawa. Buɗewa da nawa na tsawaita tartsatsi. Rufewa da tsalle-tsalle kuma na sa kontak su manne. In robar ko man da ke tare bugun ƙarshe ya lalace, sandar na wuce iyaka, zugazugin ya gaji ya tsage.

A wanke tsohon giris, a sa irin wanda littafi ya ce, kaɗan. Man feshi na kwance tsatsa ba giris ba ne, kwana kaɗan ya bushe. A duba fil da kilif da maƙalai. A buɗe a rufe sau da dama da hannu, sannan da motar lantarkin da ke juya shi in yana da ita. Mai na'urar awon lokaci ya tabbatar fes uku na tafiya tare, bambancinsu 'yan milisakan ne kawai. A gwada makullan da ke hana rufe atin a kan wuta, kada a taɓa cire su don sun yi tauri. A auna batir da cajarsa.

In makunnin mai fiyus ne, a duba tsinken da ke fitowa daga kan fiyus yana fuskantar maɗaurin da zai buɗe fes uku. In ɗaya ya ƙone a canza duka ukun, don sauran ma sun sha zafi.

In matsala ta faru ana cikin aiki

Ka buɗe makunni, fitilar fes ɗaya ta ƙi mutuwa, ko taransifoma na ci gaba da gurnani. Ko kontak ya manne, ko bakyum ya tafi, ko sandar da ke jan kwalbar ta karye. Kada ka yi ta buɗewa da rufewa. A fitar da mutane daga ɗakin, a kira a yanke daga sama. Haka in makunni ya rufe a kan shot: ko da ya ga kamar lafiya, a yi masa gwajin dokta da na bakyum kafin ya koma aiki.

Wani abin kuma, kwalba kan datse ƙaramar wuta kafin ta kai sifiri. In taransifomar da ba ta ɗauke da lodi ce ko babban injin lantarki, hakan na haifar da tsallen ƙarfin wuta. Inda kan kebul ke yawan fashewa bayan an kashe makunni, a duba masu tare tsawa, suna nan ko babu, kuma suna da rai.

Canza kwalba

Lamba ɗaya, kamfani ɗaya. Kama da ido ba ta isa ba, don tazara da ƙarfin danna sun bambanta. Ka yi hattara da tokumbo, wato tsohuwar da aka riga aka yi aiki da ita, da aka wanke aka sa a sabon kwali. Ko sabuwa ce, a gwada bakyum ɗinta kafin a ɗaura. In kwalaben fes ukun sa'o'in juna ne kuma ɗaya ta mutu don tsufa ko tsatsa, ni dai shawarata a canza su gaba ɗaya.

Ka ɗauki hoto da awon komai kafin ka kwance. Kada a ɗaga kwalba ta sandarta. Wajen ɗaure noti, a riƙe sandar da sifana ta biyu don kada ƙarfin ya bi ta kan zugazugin. Murɗa ɗaya ta isa ta raunata shi, kuma ba ranar zai nuna ba, sai bayan watanni. A ɗaure da sifana mai awon ƙarfi. A daidaita tazarar buɗewa da matsewar sifirin, a tabbatar sandar na tafiya a miƙe ba ta gogar gefe. Sannan a maimaita dokta, mega, babbar wuta da awon lokaci.

Mayar da wuta

A ƙirga kayan aiki, a ƙirga wayoyin atin da aka sa, adadin da ya shiga shi zai fito. A mayar da duk abin da aka cire don gwaji, a rufe murafe, a buɗe makunnin atin, a mayar da takardar izini. Mutum ɗaya ke rufe makunni, sanye da kayan kariya, yana tsaye a gefe, ya kuma kai hannun makunnin ƙarshe a tafiya ɗaya. A fara da taransifoma ba lodi, a saurara, a auna bolt a fes uku, sannan a ɗora lodi kashi-kashi. Bayan awa ɗaya ko biyu a zagaya da kyamarar zafi.

Kafin a bar wurin a cike katin da zai zauna a jikin fanel: kwanan wata, ƙirgen buɗewa da rufewa, maikro-om na kowane fes, sakamakon mega, ƙarfin da aka yi gwajin bakyum da shi, matsayin alamar cinyewa, da yanayin hita. Duban ido da shara a yi su duk shekara, a bakin teku kuma sau biyu, kafin damina da bayanta. Cikakken gwaji a bi tazarar da littafin ya tsara, a kuma yi shi nan take bayan shot ko bayan ruwa ya shiga ɗakin.